Baba Wasiƙa da Jerin Sunayen Tallafi

Shekara talatin da ɗaya Baba Wasiƙa ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, har sunan ya bi shi ya danne nasa na asali. Unguwar da yake zagayawa babu lamba a jikin gidajenta, lungunanta kuma sun sarƙe da juna. Amma ko "a ba matar direba, bayan famfo" aka rubuta a ambulan, ya san direban da ake nufi a cikin guda shida. Ya san gidan da ke da kare, ya san wanda sai an buga ƙofar da dutse saboda tsohuwar ciki ba ta ji sosai.

Da wayar hannu ta zo, wasiƙu suka yi ta raguwa, har jakarsa ta koma ɗaukar takardun kotu da na makaranta kawai. Daga ƙarshe aka sallame shi da takardar yabo da fansho. Takardar tana rataye a ɗakinsa. Fanshon kuwa, in ji matarsa, baƙo ne mai kunya: ba ya zuwa da wuri, in ya zo kuma ba ya daɗewa.

Matar tasa kowa Uwar Biyu yake ce mata. Tagwayen sun girma sun tafi neman nasu, su ma da ƙyar suke riƙe kansu. A ɗakin baya kuma ƙanwarsa ce, Auta, da 'ya'yanta mata uku. Lokacin da mijinta ya rasu, mai gidan haya ya ba ta wata ɗaya ta tashi, sai Baba ya je da motar kaya ya kwaso su ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Abin da mijin ya bar mata firiza ce babba, da ita take yin ƙanƙara tana sayarwa.

Tsadar ba rana ɗaya ta shigo musu ba. Sukarin shayi ne ya fara komawa cokali ɗaya. Daga nan Uwar Biyu ta fara yanka sabulu gida biyu tana ɓoye rabi a saman kabad. Nama ya koma na ƙarshen wata, sannan ya daina zuwa, ba wanda ya tambayi dalili. Mai shagon bakin titi ya gaji da goge farashi a allo, ya ajiye allin ya ce kowa ya tambaya da baki. Da aka ninka kuɗin wuta, Auta ta duba ta ga ƙanƙarar ce ke cin ta, ba ita ke cin ƙanƙarar ba. Ta zare firizar, ta wanke ta tas, ta mayar da ita wurin ajiye kayan yara.

Ana cikin haka aka faɗa a rediyo cewa gwamnati za ta riƙa ba gidajen da abin ya fi yi wa nauyi tallafin kuɗi duk wata. Baba yana zaune a shagon abokinsa Mai Aski aka yi sanarwar. Shekara arba'in suna tare, a nan yake shan inuwa tun yana da baƙin gashi.

"Ka ji ko, mutumina?" in ji Mai Aski yana kaɗe tawul. "Za a raba mana kuɗi."

"Na ji. Ban dai ji ta inda za su bi su same mu ba."

"Ai kai za su ba, ka rarraba a keke."

Suka yi dariya. Ashe maganar ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Bayan mako uku wata budurwa ta yi sallama a ƙofar gidansa, da katin aiki a wuya da kwamfutar hannu a jaka. Ta ce ita aka turo ta rubuta gidajen unguwar. Kwana biyu ke nan tana ɓata a lungu, tana komawa gidan da ta riga ta rubuta, kuma duk wanda ta tambaya sai ya ce ta nemi Baba Wasiƙa. Ta faɗa masa gaskiya cewa babu biya a ciki.

"Wa ya yi maganar biya, 'yata? Gobe ƙarfe nawa?"

Da safe ya goge takalminsa na aiki, ya sa riga mai guga. Uwar Biyu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "A gaishe da manyan gwamnati. In an raba a tuna da mu." Har ya fita bakinsa bai rufu ba. Shekara shida rabon da wani ya jira shi a bakin ƙofa don aiki.

Kwana tara suka yi suna yawo. A kwana na farko ya gane cewa duk shekarun nan ƙofofi ya sani, bai san ciki ba. Da can a bakin ƙofa yake tsayawa ya miƙa wasiƙa ya wuce. Yanzu kuwa har tsakar gida ake shiga da shi, domin in ba a gan shi ba mutane ba sa sakin jiki da ma'aikaciyar. Ya ga gidan wani malamin makaranta mai fita da farar riga kullum, ashe rigar ɗaya ce, da yamma ake wanke ta. Ya ga wata mata ta ɗora tukunya da ruwa zalla a kan wuta don yara su yi shiru su ɗauka ana girki. Gidan da ya sha kai wa wasiƙu masu kan sarkin ƙasashen waje, ya tarar an sayar da kujeru, sai sawun ƙafafunsu a siminti.

Tambayoyin iri ɗaya ne a ko'ina. Mutum nawa ne a gidan? Sau nawa kuka ci abinci jiya? Akwai fanka, akwai talabijin, akwai firji? Akwai mai albashi ko fansho? Tukunya ɗaya kuke ci ko kowa da tasa? Ma'aikaciyar ta danna, ta ɗauki hoton mai gida a jikin bangonsa, su wuce.

Kafin kwana na uku labari ya riga su zagayawa. Sai suka fara tarar da gidaje fayau, ga igiyar talabijin tana reto a bango babu talabijin ɗin. A gidan wani dillali, Baba ya ga shatin inda aka ɗauke firji, wurin ya fi ko'ina tsabta. Dillalin ya fito cikin tsohuwar riga ya ce rabonsu da abinci tun shekaranjiya, ga kuwa ƙamshin suya yana fitowa daga ɗaki. Baba ya kau da kai. Jagora aka ce ya yi, ba alƙalanci ba.

Mutane suka fara biyo shi gida. Wannan da ƙwai biyar a leda, wancan da sandar sabulu, kowa yana cewa, "Baba, a dai duba mu." Ya mayar da su duka, yana rantsuwa cewa ba shi da hannu a zaɓe. Ranar da ya mayar da ƙwan, Uwar Biyu ta bi ledar da kallo har ta ɓace, sannan ta ce, "Ko ɗaya ai ka bari mu ga ko har yanzu da ƙwanduwa ake yin su."

A kwana na shida suka shiga gidan Mai Aski. Baba ya san halin da ake ciki. Ya san mutane sun koma yi wa 'ya'yansu aski a gida, ya san akwai ranar da mutum biyu kaɗai ke zama a kujerar shagon, ɗaya ma shi ne. Mai Aski ya sa hula ya zauna a kujera, matarsa da surukarsa suna tsaye a bakin ɗaki.

"Baba, sau nawa kuka ci abinci jiya?" in ji ma'aikaciyar.

Mai Aski ya dubi surukarsa, ya dubi abokinsa, ya gyara zama. "Sau uku. Mu dai mun gode Allah."

"Nama fa, ko kifi, a wannan makon?"

"Ba a rasa ba."

Matar ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Baba ya ji maganar ta zo masa har maƙogwaro. Kalma ɗaya ta isa: mutumina, faɗi gaskiya. Amma a gaban matar ɗansa? Ya haɗiye. Ma'aikaciyar ta danna, ta ɗauki hoto, Mai Aski har da murmushi.

Baba ya bar nasa gidan sai a ƙarshe. Ma'aikaciyar ta zauna a tabarma, Uwar Biyu ta kawo mata ruwa. Ta rubuta mutum shida, ta rubuta fansho. Ta nuna firizar da ke jingine a baranda, aka ce ba ta aiki, ta ce fom ɗin bai tambayi ko tana aiki ba, akwai ko babu kawai ya sani. Da ta zo tambayar tukunya sai ta dakata, ta ɗora na'urar a cinya.

"Baba, ƙanwar taka da yaranta, girkinsu daban ne ko?" Ta faɗa a hankali tana kallon sa. "In daban ne, gida biyu zan rubuta."

Ya gane abin da take miƙo masa. Ya kuma san Auta tana bayan labule tana ji. Amma kwana tara yana kallon masu ƙarya yana kau da kai, yana gaya wa kansa shi ba irinsu ba ne. Kuma tun ranar da ya kwaso Auta, abin da yake taƙama da shi ke nan, cewa ba a taɓa raba mata kwano a gidansa ba.

"Tukunya ɗaya ce, 'yata."

Ta ɗan jira. Da ta ga bai ƙara ba, ta danna.

Wata huɗu ba a ji komai ba. A cikin watannin nan kuɗin mota ya sake tashi, babbar 'yar Auta ta koma tafiya makaranta a ƙasa. Duk inda Baba ya gifta sai an tare shi da "Baba, ina labari?" kamar kuɗin a aljihunsa suke. Ran nan da hantsi aka manna takardu a bangon makarantar firamare. Gida ɗari uku da sha biyu suka rubuta. Sunaye arba'in da ɗaya suka fito.

Baba ya tsaya a bayan taro da tabarau a hannu har aka ragu, sannan ya matsa ya bi jerin da yatsa. Matar nan mai dafa ruwa tana ciki, ya ji sanyi a ransa. Dillali ma yana ciki, na bakwai. Babu Mai Aski. Babu Auta. Nasa sunan dama bai nema ba.

Kafin ya juyo ya ji wata murya a bayansa: "Ga mai rabon nan. A tambaye shi nawa ake sayar da layi ɗaya."

Daga ranar unguwa ta juya masa baya. Ba zagi ake yi a gabansa ba, da ma hakan ne da sauƙi. Gaisuwa ce ta gajarce. In ya doso majalisa sai hira ta mutu. Aka ce dillali ya ba shi buhun shinkafa, aka ce an gani da ido ana shiga da shi. Waɗanda ya mayar wa ƙwai da sabulu suka ce ashe raina abin ya yi. Wata tsohuwa da ya shekara ashirin yana karanta mata wasiƙun ɗanta ta tare shi a bakin famfo ta ce, "Kai ka shigo da ita har ɗakina, ta ga tsiraicina, ta ɗauki hotona. Me na samu?" Ya ce ta yi haƙuri, ta ce haƙurin ne za ta dafa?

A gida Auta ba ta ce masa komai ba. Tana gaishe shi da safe yadda ta saba, a durƙushe, amma ba ta ƙara zama ta yi hira. Uwar Biyu ce ta faɗa masa, rannan tana tsince wake: "Gaskiyarka ta yi kyau, malam. Sai dai da kuɗin marayu ka saye ta."

Washegari ya ɗauki kekensa ya tafi ofishin tallafin, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ya bi layi tun safe har rana ta take. Da ya isa gaban kanta ya tambayi ma'aikaciyar, aka ce aikin wucin gadi ta yi, an sallame su tuntuni. Mutumin da ke zaune a wurin bai yi masa wulaƙanci ba, gajiya ce kawai a fuskarsa.

"Baba, ba mu muke zaɓa ba. Kwamfuta ce ke ba da maki a kan amsar da mutum ya bayar. Kuɗin da aka ware kuma na gida arba'in da ɗaya ne a unguwarku, ko da duk kun cancanta."

"To wanda ya ji kunya ya ce ya ƙoshi fa?"

"Kwamfuta ba ta san kunya ba." Ya miƙo masa takarda. "Ga fom ɗin ƙorafi. A cika a dawo da shi kafin ƙarshen wata."

Baba ya roƙi ƙari, aka ce ɗaya ake ba mutum, sai dai ya je ya buga kwafinsa. Ya sayar da fitilar kekensa da ƙararrawar ya buga guda tamanin. Ya koma bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, wannan karon shi kaɗai. Wasu suka rufe masa ƙofa. Wasu suka karɓe shi a tsaye. Yawanci ba su iya rubutu ba, shi yake durƙusawa ya cika musu a kan gwiwarsa, su dangwala yatsa. Ya tara sittin da uku.

Mai Aski ya ƙi. "In je in ce ƙarya na yi? A gaban wa?" Ya ci gaba da wasa almakashinsa, bai ko ɗago ba. Baba ya ajiye fom ɗin a kan benci ya fita.

Na Auta kuwa, da ya kai mata, ta karanta ta miƙo masa. "Yaya, ai babu wurin da za a gyara. Abin da ka faɗa gaskiya ne." Bayan kwana biyu ya dawo daga kai takardun ya tarar da murhu na biyu a tsakar gida, kusa da ƙofar ɗakin baya. Auta tana tsugunne tana fifita gawayi.

"Mene ne haka, Auta?"

"An ce za su sake zagayowa baɗi. In sun zo, ba sai kowa ya yi ƙarya ba."

"Gawayi biyu a gida ɗaya, a wannan tsadar?"

"Na fara wankau a gidan likita. Zan iya." Ba ta ɗaga murya ba. "Ba fushi nake ba, Yaya. Ka riƙe mu shekara huɗu. Yaran ne nake dubawa."

Ya tsaya da keke a hannu ya rasa inda zai jingine shi. Ranar ya ci abinci shi da Uwar Biyu su kaɗai, yana jin ƙarar cokulan yaran daga ɗakin baya.

Amsar ƙorafi ta fito bayan wata uku. A cikin sittin da uku an ƙara gida bakwai, har da tsohuwar bakin famfo. Bakwai ɗin suka dawo gaishe shi. Sauran suka ƙara tabbata cewa yana da hanya, ya dai zaɓi nasa ne. Kuɗin tallafin kuma sau uku aka biya, sannan aka ce ana tantancewa. Waɗanda suka karɓa sun ce na farkon ya sayi abincin kwana goma sha biyu, na ukun bai kai mako ba. Masu zagayowa baɗi kuwa har yau ba a gan su ba, murhu biyun dai suna nan. Uwar Biyu takan zuba wa yaran a kwano ta tura musu ta bayan firiza, Auta takan yi kamar ba ta gani ba.

Baba yanzu yana gadin rana a ƙofar wani kantin magani, yana da shekara sittin da bakwai. Kujerar roba aka ba shi da sanda. Mai Aski kuwa ya kasa biyan hayar shago, ya kwashe kujerarsa da madubi ya koma ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidansa. Wata biyar ba su yi magana ba, har gashin Baba ya taru Uwar Biyu ta fara yi masa tsiya. Ran wata Asabar ya je ya zauna a kujerar. Mai Aski ya yafa masa tawul, ya fara aski. Sai da ya gama gefe ɗaya sannan ya yi magana.

"Ranar nan da kuka zo, ka san ƙarya nake."

"Na sani."

"Ka yi shiru."

"Surukarka tana tsaye."

Almakashi ya yi ta ƙara na ɗan lokaci. "Da ka yi magana, da har in mutu ba zan ƙara kallon ka ba," in ji Mai Aski. "Da ka yi shirun kuma, ga shi har yanzu haushinka nake ji. Ban san yadda ka so in yi da kai ba."

"Ni ma ban sani ba, mutumina."

"Sunkuyar da kai."

Baba ya sunkuyar. Da aka gama ya laluba aljihu ya miƙa abin da ya saba bayarwa. Mai Aski ya duba tafin hannunsa, ya ce aski ya tashi tun watan jiya. Baba ya ƙara masa, ya karɓa, ya kaɗe tawul ɗin, ya ce ya zauna tukuna rana ta yi sanyi.